Jan fuska da bakin murhu: yadda muke tafiya da jel ɗin likita a Aboabo

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na dawo daga wurin likitar fata. Ta ce rozeshiya ce, cutar fata mai sa fuska ja da ƙuraje, ta kuma ce in riƙa rubuta abin da na ci, abin da na shafa da yadda fuskar ta wuni, in kai mata duk ranar komawa. Tunda rubutun ya zama dole, bari in yi shi inda wata mai irin larurata za ta amfana.

Ni da Yaya muke riƙe da rumfar wake da shinkafa a Aboabo, nan Kumasi, wadda muka karɓa daga hannun Mma. Tun ƙarfe uku na dare wuta ke ci, kuma ni ce a bakin tukunya: ni ke zuba karan dafi da kanwa, ni ke juya shito, soyayyen yajin da ake ci da ita. Wajen shekara biyu ke nan kumatuna da karan hancina suna ɗaukar zafi. Da can sai ya taso ya kwanta kafin azahar, daga baya ya samu wurin zama. Ni fara ce, hasken dangin Mma na ɗauko, don haka jan yana nunawa, sai dai ba ja zur ba irin na hotunan Turawa da ke intanet. Nawa ja ne mai duhu, wanda bai san fuskata ba sai ya ɗauka rana ce ta dafa ni. Abin da ido ba ya gani shi ne raɗaɗin. Ko ruwan alwala ya taɓa wurin sai na ji zugi.

Likita ta ɗora ɗan gilashi a kuncina ta danna, jan ya ɓace a ƙarƙashinsa, tana ɗagawa ya dawo. Ta leƙa da wani ƙaramin madubi mai fitila ta ce ga siraran jijiyoyin jini sun buɗe a gefen hanci. Ƙurajen kuma ba su da baƙin kai, a nan suka bambanta da ƙurajen balaga. Ta tambaye ni ciwon gaɓoɓi, zubar gashi, gyambon baki, sannan ta tura ni gwajin jini don a kawar da shakkar cutar lufus, wadda ita ma kan sa kumatu su yi ja. Ta ce a baƙar fata cutar tana yawan ɓuya, mutum ya yi ta shan maganin wani abu dabam.

Na nuna mata man da wani mai kemis ya ba ni bara, irin mai haɗin uku ɗin nan da ake ba kowa kan kowane ƙaiƙayi. Ta karanta jikinsa ta ajiye gefe: akwai kilobetasol a ciki, sitiyarod mai ƙarfin gaske. Yana kwantar da jan na ɗan lokaci, amma yana sirantar da fata, yana ƙara buɗe jijiyoyin. Ta ce, "Hajiya, in kin bar shi fuskar za ta yi bore kafin ta kwanta. Ki sani tun yanzu, kada ki koma masa."

Jel biyu ta rubuta. Metironidazol mai kashi 0.75 don ƙurajen, safe da dare, in fara yau. Birimonidin mai kashi 0.33 don jan, amma shi sai fatar ta lafa, domin ba a shafa shi a kan fata mai kumburi ko mai tsagewa. Ta auna jinina, ta tambayi ciki ko shayarwa, da ko ina shan maganin hawan jini ko na ciwon damuwa. Babu ko ɗaya.

Asibitin kuɗi ne, daga aljihu na biya: ganin likita sidi 300, gwaji sidi 350, metironidazol sidi 90.

Alhamis, 16 ga Janairu

Neman birimonidin ya cinye mini wuni. Na bi kemis-kemis na Adum, na hau faragiya, keke mai ƙafa uku, zuwa na wajen Bantama da ke kewaye da asibitin Komfo Anokye. Wasu ba su ma taɓa jin akwai shi na shafawa ba. Wani ya ɗauko mini ɗigon ido mai wannan suna, domin asalinsa maganin gilakoma ne, mai rage hawan ruwan ido. Shi da kansa ya ce ba wannan likita ke nufi ba, kada in saya. Daga ƙarshe wata mai kemis, 'yar Asante mai kirki, ta ce za ta sa a turo daga Accra. Sunansa na kasuwa Mirvaso, na kamfanin Galderma, bututu mai giram 30, sidi 1,150. Na ba da rabi ta MoMo, kuɗin waya.

Da na faɗa wa Yaya kuɗin sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ke, wannan ai ya fi buhun shinkafa." Gaskiyarta.

Talata, 21 ga Janairu

Gwajin jini ya fito, babu lufus, alhamdulillahi. Metironidazol na busar da gefen baki kaɗan. Ban da haka ba labari.

Asabar, 25 ga Janairu

Boren da likita ta faɗa ya iso, kuma ya haɗu da hunturu. Tun daga Laraba fuskar ta fara ɗaurewa, jiya na tashi kumatu sun kumbura, ƙuraje ƙanana sun feso har haɓa da goshi inda ban taɓa samu ba, fatar gefen hanci tana saɓa fari-fari. In na yi dariya sai in ji kamar za ta yage. Iskar asuba na busar da ita, tururin tukunya na dafa ta, babu inda zan juya.

Masu shawara kuwa sun fi masu sayen abinci yawa. Wata ta ce dilka, wata kurkum da lemon tsami, wata ta ce in goge da sabulun salo da soso har mataccen fatar ya fita. Maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce kambun baka ne, kasuwar da muke yi ce ta tsone wa wani ido. Addu'a dai ba na wasa da ita, amma lemon tsami a kan wannan fatar ko maƙiyi ba zan ba wa shawara ba. Yaya ta tono tsohon bututun mai haɗin uku ta ce, "Shafa sau ɗaya mana ki samu barci." Da tausayi ta faɗa. Na ba ɗana ya kai bola.

Wadda ta fi ci mini rai wata mai sayen abinci ce da ta dube ni ta ce wa ƙawarta da Tuwi, tana zaton ban ji ba, wai bilicin ne ya kama ni. A Zango in fuskar mace ta yi ja an gama yanke mata hukunci. Ban ga laifinta sosai ba, domin ƙonewar man bilicin haka take kama, kuma sinadarin da ke cikin yawancinsu ɗan'uwan wanda aka ba ni ne a matsayin magani. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mayukan shafawa masu haidirokwinon, sinadarin ƙara hasken fata, amma masu sitiyarod suna nan a kasuwa, da sunan maganin ƙuraje ko na gyaran fata.

Na aika wa likita hoto ta WhatsApp. Ta ce in daure, in bar sabulun salo da soso gaba ɗaya, in wanke da ruwa mai ɗan sanyi da abin wanke fuska marar kumfa, in danna tawul ba gogawa, in shafa mai marar turare. Mma ta kawo man kaɗe na gida, likita ta ce in gwada a gefen muƙamuƙi tukuna. Bai dame ni ba, shi nake shafawa da dare bayan metironidazol ya bushe. Abin wanke fuska sidi 140.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kumburi ya sauka, saɓa ta ragu. Jan yana nan daram.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Jel ɗin birimonidin ya iso, na cika kuɗin. Da dare muka zauna da babbar 'yata muka bi takardar cikin kwalin layi-layi, ita ke karantawa ni ke tsayar da ita.

Aikinsa guda ne: yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, jinin da ke taruwa ya ragu, jan ya dushe. Yakan fara cikin rabin awa, ya kai ƙarfinsa tsakanin awa 3 zuwa 6, ya riƙe har wajen awa 12, daga nan jijiyoyin su koma yadda suke. Ba ya taɓa ƙuraje, ba ya goge jijiyoyin da suka riga suka fito, ba ya warkar da cutar. Amurka ta amince da shi a 2013, ƙasashen Turai a 2014. Sau ɗaya a rana, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama a wuri biyar: goshi, haɓa, hanci da kumatu biyu, jimla kada ta wuce giram 1. Ban da leɓe, ban da fatar ido, ban da cikin hanci. Mai farawa kuma ya soma da ƙasa da haka na aƙalla mako guda.

Inda na tashi zaune shi ne batun yara. An samu ƙananan yara da suka lashe shi har numfashinsu ya yi rauni aka kwantar da su asibiti. Shi ya sa murfin sai an danna ake murɗawa. Gidanmu gidan haya ne na taro, yara na shiga ɗaki kamar nasu, autana ma bai kai shekara huɗu ba kuma ba abin da ya fi so kamar ya shafa mini fuska ya kai hannu baki. Na sa bututun a akwatin ƙarfe inda nake ajiye kuɗin adashi, makulli a wuyana.

Likita ta ga sabon hoto ta ce in fara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Bayan sallar asuba na wanke fuska, na bari ta bushe, na matso rabin abin da takarda ta ce. Fari ne mai ɗan rawaya, ba ƙamshi, da sanyi a fata. Na baza shi siriri, na wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Na ɗauki hoto a bakin tagar ɗaki, nan zan riƙa ɗauka kullum don hasken ya zama iri ɗaya.

Wajen ƙarfe bakwai ina zuba wa 'yan makaranta gari da taliya sai na lura ban ji zafin kumatu ba. Na leƙa fuskata a jikin wayar: jan ya janye, launin kumatu ya zo daidai da na wuya, abin da na manta rabona da gani. A kuncin hagu kusa da kunne akwai wani ɗan layi da jel bai kai ba, ya fito fili kamar inda mai fenti ya tsallake. Jijiyoyin gefen hanci kuwa sun ƙara bayyana, tunda jan da ke ɓoye su ya tafi.

Yaya ta daɗe tana kallona ta ce, "Ashe buhun shinkafar bai tafi a banza ba." Bayan magariba jan ya dawo a hankali, daidai yadda yake jiya.

Na tambayi likita batun alwala, tunda fuskarmu sau biyar take shan ruwa. Ta ce kafin azahar maganin ya riga ya shiga fata, ba a ƙarawa. Abin da ake sake shafawa shi ne man kare rana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lafiya lau. Na sayi man kare rana mai lamba 50, sidi 220, irin mai zinki da likita ta ce ya fi sauƙi ga fata mai saurin fushi. Yana bar mini fuska toka-toka. 'Yata ta ce akwai mai launin fata, sai wannan ya ƙare.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na koma cikakken awo yadda aka tsara. Da yamma kumatu sun ɗan fi zafi fiye da makon jiya. Na rubuta, ban ɗauke shi da nauyi ba, domin rana ta fara zafinta na Fabrairu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Boren wannan karon ya fi na Janairu.

Jiya muka yi girkin biki a Asawase, manyan tukwane a kan itace a tsakar gida, tun daga asuba har la'asar. Na shafa jel da safe kamar kullum. Har azahar fuskar tana tsaf, matan gidan biki ma suna cewa na yi kyau. Wajen ƙarfe biyar, ina kwashe shito, na ji zafi ya taso daga wuya, ya cika kumatu, ya kama kunnuwa. Ba irin zafin da na sani ba ne, wannan bugawa yake tare da zuciya. Kafin isha'i jan ya wuce iyakarsa ta da, ya sauka har muƙamuƙi, ƙarƙashin ido ya kumbura. Hijabi ma bai zaunu a fuskar ba. Na kwana da tsumma jiƙe da ruwan randa, in ya ɗumama in sake jiƙawa.

Na ɗauka wutar itace ce kawai, don haka yau da ban je kusa da murhu ba na sake shafawa. Ko awa huɗu ba a yi ba ya dawo, ina zaune a ɗaki ƙarƙashin fanka. Nan na gane da hannun jel ɗin a ciki.

Likita ta kira ni da kanta bayan ta ga hotunan. Ta ce sanannen abu ne: jijiyoyin da aka tsuke wani lokaci sukan buɗe fiye da da in maganin ya sake su, wani lokaci ma tun yana jiki. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kai a 2016, cewa a gwaje-gwajen da aka yi har mutum 16 cikin 100 sun ga cutar ta ƙaru, galibi cikin mako biyun farko, kuma yawanci yana lafawa in an daina. Ta tambayi jiri ko bugun zuciya ya ragu, na ce babu. Ta tambayi kumburin leɓe ko wahalar numfashi, ta ce in da akwai wannan asibiti zan nufa nan take, ba waya ba. Hukunci: in ajiye jel, in ci gaba da metironidazol, ruwan sanyi amma ba ƙanƙara kai-tsaye a fata ba.

Maigida ya ce, "Maganin da ya kai sidi dubu shi ne kuma ya zama ciwon?" Ban amsa ba, domin ni ma tambayar da ke raina ke nan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Bugawar ta tsaya, kumburi ya tafi. Yaya da yarinyar aiki ke riƙe da rumfa, ni ina gida ina lissafi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ranar komawa. Likita ta karanta rubutuna, ta fi daɗewa a kansa fiye da kan fuskata. Ta ja layi ƙarƙashin ranakun da zafin ya fi, kusan duka ranakun soya shito ne ko na doguwar tsayuwa a wuta. Ta ce jel mayafi ne na wasu awanni, abin da ke tayar da jijiyoyin yana nan: zafi, rana, barkono, abin sha mai tururi, ɓacin rai. Wanda ya tsuke su da safe ya kai su bakin itace ya sa su tsakanin masu ja biyu.

Na tambayi ko akwai wani. Ta ce akwai kirim na oksimetazolin da Amurka ta amince da shi a 2017, aikinsu kusan ɗaya, amma samunsa a nan ya fi wannan wuya. Ga ƙuraje kuma akwai azeleyik asid da kirim na aibamektin, wanda ke rage wasu ƙananan ƙwari da ke zama a ramin gashin fuskar kowa amma sukan yi yawa a fuskar mai rozeshiya. Nawa ƙurajen sun ragu da rabi, ba ta ga dalilin canji ba tukuna.

Sai ta dubi idona. Na daɗe ina jin kamar yashi a ciki, ina ɗora wa hayaƙi da ƙurar hunturu. Ta ce bakin fatar idon ya yi ja, rozeshiya kan kama ido ma. Ta rubuta doksisaikilin na sha, sau ɗaya a rana na wasu makonni, da hawayen kwalba, ta ce in ajiye kwalli. Sharuɗɗan doksisaikilin: da ruwa cike da kofi, kada in kwanta nan take, kada in haɗa shi da madara, fura da nono ko burkina, in kiyayi rana, kuma in ciki ya shiga in tsaya in sanar da ita.

Jel kuwa ba a yi masa saki uku ba. In fatar ta kwanta sosai, in gwada ɗigo a wuri ɗaya na kunci, in jira wuni guda in gani. In ya zauna lafiya, rabin awo, kuma a ranakun da ba ni da wuta.

Ganin likita sidi 200, magunguna sidi 165.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun yi zaman rumfa ni da Yaya da Mma. Ba a rabu da wuri ba, domin Yaya na da ciwon baya, ɗaga tukunya na wahalar da ita, shi ya sa tun farko wutar ta zama tawa. Mma ce ta raba gardama. Za mu ɗauki ƙarin yarinya don wutar asuba, ni in auna kayan haɗi in tsaya nesa ina ba da umarni, in koma kan zubawa da karɓar kuɗi. Shito kuma a daina soya shi a cikin rumfa, a kai bayan gida inda iska ke bi, da yamma, a kan gas.

Na sayi fanka mai caji sidi 380, na ɗaure ta a ginshiƙi daidai fuskata. Kafinta ya ƙara mana kwano biyu a gaban rumfa don ranar hantsi ta daina duka na, sidi 450 da aikinsa. Na koma hijabin auduga mai sakin fuska, na ajiye masu roba da ke matse kumatu. Kuɗin nan gaba ɗaya bai kai na bututun jel ba.

Ɗanɗana shito ne matsala. Shekara da shekaru harshena ne ma'auni. Yanzu Yaya ke ɗanɗanawa, hannunta kuma ya fi nawa nauyi a barkono. Wani direban tirotiro, motar haya, da ke ci wurinmu kullum ya riga ya kawo ƙara.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama. Mun rufe wake da shinkafa na safe, mun koma koko da ƙosai da yamma. Ƙosai yarinya ke soyawa, ni ina kan damun koko da zuba shi a leda, tururin kaɗan ne.

Doksisaikilin na mayar da shi bayan tarawihi, da abinci, tunda da sahur mutum yakan koma ya kwanta kuma nono ba ya rabuwa da sahur ɗinmu. Na tambayi malamin makarantar yaranmu game da shafe-shafen, ya ce abin da aka shafa a fata ba ya karya azumi. Hawayen kwalba kuwa na bar su sai dare don in fita daga saɓani.

Kokon buɗa-baki na kasa bari. Likita ta taɓa gaya mini wani bincike na 1981 da ya nuna cewa zafin kofi ne ke sa fuskar masu rozeshiya ta yi ja, ba sinadarin cikinsa ba. Sai na ce bari in gwada da koko. Nawa nake cirewa tun kafin a zuba barkono da citta mai yawa, in bar shi ya huce. Ba daɗin koko a haka, mu faɗi gaskiya, amma kumatuna ba su ce komai ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Ɗigon gwaji a kuncin dama. Wurin ya dushe, da dare ya dawo yadda yake, bai wuce ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Rabin awo, da safe, ranar zuwa tafsiri. Ya riƙe har kusan magariba, ya sauka lafiya. Ranakun tsakiyar mako ban shafa ba.

Laraba, 19 ga Maris

An ɗauke wuta cikin dare, ɗaki ya zama tanda, na farka fuskar na ci. Na fito tsakar gida da fankar caji da tsumma. Kafin sahur ta kwanta. Ba jel a jikina ranar, don haka wannan na zafi ne zalla. Na ji daɗin iya rarrabewa. Ruwan sama ya sauka da la'asar, gari ya yi sanyi.

Litinin, 24 ga Maris

Zuwana na uku wurin likita. Ƙuraje saura ɗaiɗai a haɓa. Yashin ido ya ragu sosai. Muka jera hotunan bakin taga daga Fabrairu zuwa yau, waɗanda ba jel a cikinsu. Jan bai tafi ba, amma ya ja baya daga kunnuwa zuwa tsakiyar kumatu, kuma duhunsa ya ragu. Ni abin da nake aunawa da shi ba hoto ba ne: yanzu ina alwala ba na cije leɓe.

A ganina rabin wannan sauƙin barin mai haɗin uku ne ya kawo shi, sauran kuma fanka da kwano da yarinyar wuta. Jel yana yin abin da aka ce yana yi, na gani da idona, kuma ranar da zan shiga taron mata ba ƙaramin abu ba ne in shiga ba mai bina da kallo. Sai dai wadda kuɗinta bai kai ta yi duka ba, da ni ce zan ce ta fara ganin likitar fata, ta gyara wurin aikinta, ta sayi man kare rana, bututun nan ya zo daga baya.

Jijiyoyin gefen hanci suna nan. Likita ta ce ba mai shafawa da ke goge su, sai hasken leza, shi ma a fata irin tamu sai wanda ya ƙware da na'urar da ta dace, in ba haka ba a bar mutum da tabo. Na ajiye maganarsa.

Lissafi zuwa yau: likita da gwaji sidi 1,050 da na yau, jel 1,150, sauran magunguna da mayuka wajen 700, gyaran rumfa 830, ban da albashin yarinya. Kuɗin adashina na wannan zagaye duk nan ya tafi.

Tsarin gaba: doksisaikilin zuwa tsakiyar Afrilu, sannan likita ta duba ko za a tsaya. Metironidazol ya ci gaba. Jel ranar Sallah da safe, rabin awo, hoda a kai bayan ya bushe, ban da girkin Sallah, 'yata da ƙannen maigida sun ɗauki wannan. Ban ci rabin bututun ba tukuna, a wannan tafiyar zai kai ni bayan Babbar Sallah, sai dai in duba ranar lalacewarsa. Bayan azumi wake da shinkafa na safe zai dawo, nan za a ga ko tsarin rumfa zai riƙe. An riga an kawo mana girkin wani biki a Sawaba cikin Afrilu, na ce wa Yaya ta karɓa, amma a sa kuɗin ƙarin mai wuta cikin farashi.